Hannun Rabi da Minjiryar Abarshi

Idan ka tambayi tsofaffin Madarunfa wane ne Abarshi, ba za su ce maka ya yi sarauta ba, ba za su ce ya je Makka ba. Dariya za su yi tukuna, sannan su ce, "Af, mijin Rabi, mai minjirya?" Abin da ya bari a bakin mutane ke nan, kuma wallahi ya ishe shi.

Masunci ne ɗan masunci. Gajere, baƙi, ƙirjinsa ya yi faɗi saboda kwanciya bisa gora tun yana ƙarami. Da sassafe zai ɗauki goransa, wannan ƙaton duman da masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa, ya saɓa koma, ragarsa ta kamun kifi, ya nufi tafki. Ubansa arne ne, shi ke yanka wa tafki baƙin bunsuru kafin a buɗe kamun kifi. Abarshi kuwa da girmansa ya kama salla, yana yin ta daidai gwargwado, amma har ya bar duniya bai taɓa shiga ruwa bai yi wa tafki sallama ba. Magana ba ta dame shi ba. In ka ce masa "Ina kwana?" ya ce "Lafiya," to ka samu rabonka na ranar, sai kuma gobe.

Matarsa Rabi 'yar Safo ce. Shekarar da fara ta cinye gero, har mutane suka koma tonon gidan tururuwa, Abarshi ya riƙa kai busasshen kifi Safo. A nan ta gan shi, ita ta fara yi masa magana kuma, don in shi za a jira da har yau ana jira. Daga baya in mata suna tsokanarta, "Ke Rabi, mi kika gani jikin wanga kurma?" sai ta ce, "Duk samarin Safo warin yunwa suke, shi kaɗai ke warin kifi."

Haka suka zauna. Shi ya kamo, ita ta fasa ciki, ta wanke, ta jera bisa wuta ta yi banda, ranar kasuwa ta ɗora wa jaki ta kai Ɗan Issa. Ita ke ciniki, ita ke faɗa da masu taya banza, ita ke gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa a madadin su biyun. Sun haifi huɗu, uku suka koma tun suna goye, ɗaya ta rayu, Hajara, aka yi mata aure a garin Sarkin Yamma. Gidan ya rage daga shi sai ita.

Yana son ta kuwa? Yana son ta kamar ransa, kowa ya sani, amma ba daga bakinsa ba. Mutumin da ne, kunya ta yi masa katutu. Ba ya kiran sunanta sai dai ya ce "'yar Safo," ita kuma ta ce "Maigida." In ta miƙo masa ƙwaryar fura, ta wancan gefen yake kamawa, kada yatsansa ya taɓa nata wani ya gani. Kai, wannan mutum!

To, a tafkin nan akwai wani kifi, minjirya. Ga ta da ƙiba, ba ɓawo, jiki sumul da ɗigo-ɗigo, 'yan idanu ƙanana kamar ba ta san komi ba. Amma taɓa ta ka gani. Za ta watsa maka wani abu daga yatsa har kafaɗa, hannunka ya zabura da kansa ba da izininka ba. Masunta ba sa son ta, don in ta shiga koma sai ta sumar da sauran kifin. Abarshi ya sha dukanta ba adadi, har ya san halinta: dukan farko shi ne mai zafi, na biyu ya fi sauƙi, in ka daɗe kana tsokanarta sai ta gaji ta yi laƙwas.

Shekara bakwai bayan ruwan da ya ci tsohon garin Maraɗi, da bazara, Rabi na komowa daga Ɗan Issa bisa jaki, sai ga wata babbar motar gyaɗa ta fito daga kwana tana hayaƙi. Direban ya danna ƙaho. Jakin, wanda duk rayuwarsa bai taɓa sauri ba, ya zaɓi wannan ranar ya yi tsalle. Rabi ta faɗo bisa hannun dama, ƙashin dantse ya karye.

Maɗorin garin gwani ne, ba a raina masa. Ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karare, ya tofa abin da zai tofa. Bayan kwana arba'in ya kwance, ƙashi ya kama sarai. Sai dai hannun, daga wuyan hannu zuwa yatsu, ya saki. In ta miƙa shi sai ya rataya ƙasa kamar ganyen da rana ta doka. Tana iya dunƙule yatsun kaɗan, amma ta ɗago hannun ko ta buɗe su, ina! Maɗori ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Ni ƙashi na sani. Wannan sai Allah."

An yi turare, an sha rubutu, wata tsohuwa ta ce iska ce ta zauna a kai. Hannu dai yana nan a rataye. Wuƙar gyaran kifi ta suɓuce mata, mazari ya ƙi juyuwa, taɓarya kuwa in ta ɗaga sai ta kufce. Rabi mai bakin nan da ake ji tun daga bakin tafki ta yi shiru, shirun da ya fi ba Abarshi tsoro bisa kowane kuka.

Ana nan sai Hamisu ya zo ganin gida. Ɗan unguwarsu ne, yana aikin ɗaure miki da allura a gidan likita na Maraɗi. Ya shigo gaisuwa, ya ga hannun, ya ce, "Inna, wanga ba iska ba ce, jijiya ce. Akwai wani lokotoro, babban likita, da ya zo daga Damagaram da wani akwati, yana duba tsofaffin soja masu shanyayyen hannu. Ba zai daɗe ba. Baba, ka kawo ta jibi."

Suka tafi. Rabi ta rantse ba ta ƙara hawan jakin nan, saboda haka ita a ƙasa, Abarshi a ƙasa, jaki na biye da su ba kaya yana kaɗa kunne, tun hantsi har la'asar.

Washegari aka shigar da su. Lokotoron wani dogon Bature ne mai jan wuya. Akwatin kuwa na katako ne, bai fi a rungume shi ba, da igiyoyi biyu, kowace da ɗan dunƙule a baki an naɗe shi da tsumma. Hamisu ya tsoma tsumman cikin ruwan gishiri, lokotoro ya murɗa wani abu, akwati ya kama ƙugi kamar zanzaro ya shiga tulu. Da aka nufo Rabi da igiyoyin sai Abarshi ya sha gaba, ya miƙa nasa hannun.

"Baba, ba kai ne marar lafiya ba," in ji Hamisu.

"A fara da ni."

Lokotoro ya ɗaga kafaɗa, ya ɗora masa a bayan hannu, ƙasa da gwiwar hannu kaɗan. Nan take hannun Abarshi ya yi sama da kansa, yatsu suka baje. Ya zaro ido, ya yi magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa a gaban baƙo: "Kai! Wanga ai minjirya ce aka kulle cikin akwati!"

Hamisu ya ƙyalƙyale da dariya, ya juya wa lokotoro da Faransanci. Shi ma ya yi dariya, ya ce ya san kifin, kuma ba ƙarya mutumin ya yi ba, abin da ke jikin kifin da wanda ke cikin akwatin dangi ɗaya ne, kuran ake ce masa, wato lantarki.

Sannan aka zo kan Rabi. Aka ɗora a hannun hagu mai lafiya, ya zabura ya yi sama. Aka ɗora a cikin hannun dama, yatsu suka lanƙwashe. Aka ɗora a bayan hannun, daidai inda aka ɗora wa Abarshi. Shiru. Lokotoro ya ƙara murɗawa, akwati ya ƙara ƙugi, Rabi ta cije leɓe. Hannu bai motsa ba.

Lokotoro ya yi bayani, Hamisu na fassarawa. "Ya ce jijiya ita ke kai saƙo daga kai zuwa tsoka. Wadda ke lanƙwasa yatsu lafiyarta lau. Wadda ke ɗago hannu ita ƙashi ya murƙushe. In ba ta tsinke ba za ta sake tohowa ta bi hanyarta, amma a hankali, kullum abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ku komo bayan wata huɗu. In an sa akwati hannu ya ɗago, saƙo ya iso. In bai ɗago ba, to." Hamisu bai ƙarasa ba, ba kuma wanda ya ce ya ƙarasa.

Aka ɗaure mata ɗan allo a ƙarƙashin hannun don kada ya sandare a rataye. Aka ce kullum a kwance, a shafa mai, a murza tsokar, a motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Wa zai riƙa yi mata?" in ji Hamisu. Abarshi ya dubi ƙasa, ya ce, "Akwai."

Shi ɗin ne dai. Kowace safiya kafin ya tafi tafki zai ja ƙyauren zana, ya zauna gabanta da ɗan kaskon man kaɗanya, ya kwance allon, ya murza, kansa a sunkuye kamar wanda aka kama da sata.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma ciki ba ya jiran jijiya. Hajara ta zo ta yi kwana ashirin, mijinta ya aiko. Maƙwabta sun taimaka da daka iyakar taimako, sai damina ta faɗi kowa ya nufi gona. Wata rana da hantsi Rabi ta dawo daga gidan suna, tun daga nesa ta ji ana daka a gidanta. Wane irin daka! Dum, shiru, dum-dum, shiru, kamar ana kafa turke. Matan unguwa sun tsaya bayan zana sun toshe baki da gyale, wata har da hawaye. Ta leƙa, ta ga Abarshi, mai furfura a gemu, ya rungumi taɓarya, rabin geron a ƙasa kaji na biki.

Ranar ba ta ci abinci ba. Da la'asar ta ce, "Maigida, zauna, magana gare ni."

Ya zauna.

"Na aika wa yayana Illo. In an yanke gero zai zo da jaki ya ɗauke ni. Gidansa akwai mata huɗu da surukai, ba wanda zai san an ƙara baki ɗaya. Kai kuma ka sawwaƙe mini."

"Mi na yi?"

"Ba ka yi komi ba. Ni ce ba ni iya yin komi. Na shigo gidan nan da hannu biyu, ba zan zauna ina kallo ana yi maka dariya ta bayan zana ba. Namiji kamarka da taɓarya! Gara in mutu."

"Su yi ta dariyar."

"Kai ba ka ji, ni ina ji."

Ya san ta. In Rabi ta kafe, ko kwamandan Maraɗi bai isa ya ɗaga ta ba. Ya daɗe yana kallon turmin, sannan ya ce, "In hannun ya ɗago fa?"

"In ya ɗago na zauna. In bai ɗago ba, kada ka tare ni."

Daga ranar Abarshi ya shiga lissafin wata huɗu, yana duban gero a gona kamar abokin gaba. Kowa na murna gero ya yi kara, shi gabansa na faɗuwa. Ana cikin haka gulbi ya cika ya yanke hanyar Maraɗi, sai ga saƙon Hamisu ta bakin wani mai ketare da gora: lokotoro ya koma Damagaram da akwatinsa, ba a san ranar dawowarsa ba.

Wannan labari ya kwantar da Abarshi kwana biyu. Ran na uku yana bisa gora tsakiyar tafki, ya ja koma, ya sa hannu ba tare da ya duba ba, sai ji ya yi an watsa masa wuta har kafaɗa. Ya buɗe baki zai zagi kifin, sai ya tsaya. Ya dubi hannunsa da ya yi sama da kansa. Ya dubi 'yar minjiryar da ke kwance cikin koma tana hura ciki. Masunta na kusa sun ce sun ji yana dariya shi kaɗai, har suka yi zaton rana ta taɓa shi.

Ya kawo ta gida da ranta cikin masaki. Rabi ta leƙa ta ce, "Wannan fa? Yau ita za mu ci?"

"Akwati ne."

Ta dube shi, ta dubi kifin, ta gane. "Lallai Maigida, ka zama lokotoro."

Bai kula ta ba. Ya yayyafa ruwa a ƙasa, suka taka da ƙafa ba takalmi. Ya jiƙa tsumma da ruwan gishiri kamar yadda ya ga Hamisu ya yi, ya ɗora a bayan hannunta. Kafin ya taɓa ta sai ya tsoma hannunsa shi kaɗai cikin masakin, ya karɓi dukan farko, ya yi ƙaramin nishi. Sannan ya kama hannunta da hagu, babban yatsansa bisa tsumman, ya sake kama kifin da dama. Abin ya ratsa shi ya shige ta. Rabi ta ce "Wash!" yatsunta suka dunƙule.

"Ya motsa! 'Yar Safo, ya motsa!"

"Zauna, Maigida. Wannan lanƙwashewa ce. Ɗagowa aka ce."

Ya zauna. Ya ci gaba da riƙe hannun, ya manta bai saki ba, har kifin ya gaji. Sannan ya mai da minjiryar tafki, don ya ce ba a cin likita.

Haka ya zama al'ada, kowace Laraba. Ƙananan yake zaɓowa, don kada su wahalar da ita. Garin ya ji labari mana, Madarunfa ce fa. Wasu suka ce Abarshi ya koma tsafin ubansa, limamin unguwa ya kira shi ya tambaya, ya ce, "Malam, ba tsafi, awo ne." Liman ya ce Allah ya ba da lafiya. Matan bayan zana suka samu sabon abin kallo, amma wannan karon dariyar ba ta fito sosai ba.

Laraba ta huɗu, gero ya fara fitar da kai. Abarshi ya kama kifi, abin ya ratsa su, sai ga hannun Rabi ya yi sama. Ya ce, "Kin gani!" amma idonsa na wani wuri.

Rabi ta dube shi tsawon lokaci. "Maigida, ɗan yatsanka na ji a ƙarƙashin tafina. Ni za ka yi wa wayo? Ni da ke sayar da kifi a Ɗan Issa?"

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa. Can ya ce, a hankali, "Ba na son ki tafi."

Shekara ashirin da ɗaya ba ta taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba. Ta kau da kai ta dubi rumbu. "In za ka auna, ka auna da gaskiya," ta ce.

Ya ci gaba da gaskiyar. Laraba ta biyar, shiru. Ta shida, shiru. Ta takwas, ta tara. Aka fara yankan gero, aka ɗaure dammuna, Illo ya aiko cewa ranar Alhamis yana tafe. Abarshi ya rame, wuyansa ya fito. Da safe in yana murza mata hannu yakan daɗe fiye da da, ita kuma ba ta ce masa rana ta yi.

Ranar Larabar ƙarshe ya yi wani tunani irin na wanda dabara ta ƙare wa. Ya ce a ransa, lokotoro ma da hannu bai motsa ba ƙara murɗa akwati ya yi. Ƙananan nan ba su da ƙarfin da zai kai saƙo. Akwai wata tsohuwar minjirya da ke zaune ƙarƙashin saiwar wani gawo da ruwa ya ci, kowane masunci ya san ta, kowa na kauce mata. Tsawonta ya kai kamu ɗaya da rabi. Ita ya je ya tare da koma, ya sha fama har rana ta take, ya kinkimo ta cikin babban masakin wanki.

Rabi na ganinta ta miƙe. "A'a. Maigida, wannan ba ta awo ba ce, ta kisa ce. Mai da ta."

"Yau kaɗai ta rage."

"Na ce ka mai da ta! Tsaya ka ji, akwai maganar da..."

Ina, bai tsaya ba. Ya riga ya kwance mata allo, ya yayyafa ruwa, kuma ko da wasa ba zai bari dukan farko na wannan uwar ya taɓa ta ba. Ya yi bisimilla ya tsoma hannu shi kaɗai.

Maƙwabta sun ce ƙarar da ya yi ba su taɓa jin irinta ba. Kifin ya ɗaga shi ya yar, ya juya ya faɗi, goshinsa ya daki bakin turmi, masaki ya kife, minjirya na birgima cikin taɓo. Abarshi ya yi shame-shame, ido a rufe.

Rabi ta yi kansa. "Maigida! Maigida! Wayyo ni, na kashe shi! Abarshi!" Ranar ce kaɗai aka taɓa jin sunansa a bakinta. Ta tallafo kansa da hagu ta ɗora bisa cinyarta, jini na gangarowa daga goshi zai shiga ido, ta sa ɗaya hannun tana sharewa, tana kuka tana zaginsa, wawan tsoho, mai taurin kai, wa ya aike ka.

Ya buɗe ido. Da farko bai ga komi ba sai haske. Sannan ya ga hannu a saman fuskarsa, yana zuwa yana komawa. Hannun dama ne. Ba allo. Wuyan hannun a ɗage yake, yana rawa, bai kai yadda yake da ba, amma a ɗage, da bayansa take share masa jini.

Ya kama shi da hannu biyu. Ya saki, don ya tabbata ba shi ke riƙe da shi ba. Hannun ya tsaya.

"'Yar Safo," ya ce, "kifin bai taɓa ki ba."

"Bai taɓa ni ba."

"To yaya aka yi?"

Rabi ta ja majina, ta dubi gefe. Can ta ce, "Ya kwana goma sha biyu yana ɗagowa. Ina wanke fuska na ga ya motsa. In na ce masa tashi, yana tashi kaɗan. Kifinka ne dai bai iya tashe shi ba."

Abarshi ya yunƙura ya zauna, kansa na juyawa. "Kwana goma sha biyu? Kika bar ni ina ramewa? Kika bar kifi na dukana Laraba biyu?"

"Ni ma ai ina shan dukan."

"Don mi?"

"Yau na yi niyyar faɗa maka, kai ne ba ka tsaya ba."

"Na ce don mi?"

Ta ɗago ta dube shi, ido jawur. "Shekara ashirin da ɗaya ina gidanka, ba ka taɓa riƙe hannuna da rana ba sai da ya mutu. Na ji tsoro in na ce ya tashi ka saki."

Matan unguwa sun cika bakin zana, ihun ya tara su, har da liman a bayansu yana leƙe. Abarshi ya gan su sarai. Ya miƙa hannu a gabansu duka ya kama na Rabi, ya ɗora bisa gwiwarsa, ya riƙe. Hawaye na bin gemunsa yana haɗuwa da jini, bai share ba, don hannuwansa biyu duk suna da aiki.

Sai da Rabi ta ce, "Kifin nan zai mutu fa," sannan aka samu masu ƙarfin hali suka tura minjiryar cikin masaki da taɓarya, aka mai da ita gindin gawonta.

Illo ya iso ranar Alhamis da jaki da igiyar ɗaure kaya. Ya tarar da ƙanwarsa tana gyaran kifi a hankali, wuƙa na karkacewa amma ba ta faɗuwa, maigidan kuma da ƙullutu a goshi kamar ƙwan zabo. Ya ci tuwo, ya kwana, ya koma Safo da bandar tarwaɗa a maimakon ƙanwa. Da Hamisu ya zo hutu ya ji labari, ya riƙe baki, ya ce su gode Allah kifin bai tsayar wa Baba da zuciya ba, kada wanda ya ƙara gwadawa. Ya ce kuma ya sha ganin haka a gidan likita, hannu ya fara jin maganar mai shi kafin ya ji ta akwati.

Hannun bai koma daidai ba duka. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun ɗan noƙe har ƙarshen ranta, kaɗi kuma sai ta bar wa wasu. Amma ta yi daka, ta yi banda, ta koma Ɗan Issa tana faɗa da masu taya banza, a ƙasa, jaki na gaba da kaya.

Abarshi bai ƙara yawan magana ba. Sai dai kaskon man kaɗanyar nan bai bar bakin ƙofa ba. Kowace safiya kafin ya saɓa koma zai zauna gabanta ya ce, "Kawo a duba." Ita kuma ta ce, "Ya warke tun bara, Maigida," ko "tun shekara biyar," ko "tun shekara goma," tana faɗa tana miƙo masa. Ƙyauren zana kuwa ya daina ja.